Fitilun da Suka Ƙona Idon Wofa

Wa, 9 ga Mayu, 1993

Yaya Dufie,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan garin Wa a arewa, da fatan kina lafiya, ke da yara da cinikin atamfa a kasuwar Kejetia. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin da ya hana mu sakat. Ɗalibaina sun shiga shirin jarrabawa, kullum ina tsakanin allo da wayoyin lantarki. Ki gaishe mini da mahaifinki, kawuna Wofa Agyekum, ki ce masa zabin da ke cikin kwandon nan nasa ne, man kaɗanyar kuma naki.

Osei direba, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya ba ni wani labari da ya tsaya mini a rai. Wai Wofa ya yi wa ƙofar motar Oga Badu fenti, shuɗin bai zo ɗaya da na jikin motar ba, har da wata lotsawa da ya bari. Wofa fa! Mutumin da duk Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ake kai wa motar da ta gagari kowa. Da Badu ya yi ƙorafi, sai ya ce masa duhun rumfar ne ya jawo.

Yaya, kunya ta kama ni. Ina koya wa 'ya'yan mutane aikin lantarki, kawuna da ya riƙe ni a gidansa har na gama sakandare yana aiki cikin duhu. Na tuna garejin sarai: ƙwai guda ɗaya mai jan haske, yanar gizo ta lulluɓe shi, bango kuma hayaƙin walda ya mai da shi baƙi ƙirin.

Ga abin da na tsara. Jan ƙwai yana yi wa mai fenti ƙarya, don haka dogayen ƙwayaye masu farin haske za a sa. Ba a tsakiyar rufi ba, domin mota na shiga sai ta tare hasken, mai aiki ya koma cikin inuwarta. Jeri biyu za a yi, dama da hagu, kowane jeri da makunninsa. A yi musu raga saboda tartsatsi da ɓarɓashin ƙarfe, wayoyin kuma a zura su cikin bututu don kada ɓera ya ci. A shafe bango da farar ƙasa, shi kaɗai ma rabin aiki ne. Sai fitilar hannu mai keji ta shiga ƙarƙashin mota. Na zana komai a allo, ɗalibaina har tafi suka yi.

Kin san uwata da Wofa 'ya'yan ya da ƙanwa ne, kuma tun rasuwar ɗan ƙanwarsa ni dangi ke kallo a kan garejin nan, tunda a al'adarmu ta wajen uwa ake gado. In ban yi ba, wa zai yi?

Ƙaninki,
Yaw Adomako

Kumasi, 30 ga Mayu

Ticha,

Saƙo ya iso, mun gode. Papa ya ci zabo ɗaya da sakwara, ya ce na arewa sun fi namu ƙashi amma sun fi daɗi. Kowa lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta kuma warke.

Na karanta wasiƙarka har na ji kamar ina cikin aji, saura kaɗan in ɗaga hannu in nemi izinin zagayawa. Jeri biyu, makunni biyu! Kai dai tun kana ƙarami ba ka ganin abu ka bar shi yadda yake. Ka manta rediyon Papa da ka kwance don ka ga mutumin da ke magana a ciki?

To, ka saurare ni. Ka ajiye maganar fitilar nan tukuna. Papa ba ya son a taɓa masa komai a garejin, ko da ƙusa ce. Kuma akwai maganar da ba ta shiga takarda, sai ka zo hutu mu yi ta baki da baki. Kada ka sayi komai kafin nan.

Kada kuma ka zo a makon ƙarshe na Yuli, ba za ka same mu ba. Za mu tafi garin Agona jana'izar aminin Papa, daga Juma'a sai Lahadi da yamma. Opoku kaɗai za a bari, tunda shi ne babban ma'aikacin garejin.

Yayarka,
Afia Dufie

Wa, 4 ga Yuli

Yaya Dufie,

Ina gaisuwa. Na yi murna da ƙaramar ta samu sauƙi. Ruwa ya sauka nan, gari ya yi sanyi, mun gode Allah.

Na gane maganar da kike jin nauyin rubutawa. Tsada ce, ko ba haka ba? Ki kwantar da hankalinki, ba zan ɗora wa kowa nauyi ba, na ma riga na haɗa kayan. Batun taɓa masa kaya kuwa, ai haka tsofaffi suke, ba sa yarda da sabon abu sai sun gani da idonsu. Haka ɗalibaina ma, sai ka kunna musu sannan su yarda.

Da kika ce kada in zo a ƙarshen Yuli, sai na ga ai wannan ne ma lokacin. Ku je Agona lafiya. In kun dawo, ki sa Wofa ya shiga gareji da wuri ran Litinin. Kada ki faɗa masa komai.

Yaw

Wa, 6 ga Agusta

Yaya Dufie,

Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lau, amma abinci ba ya shiga. Na bar Kumasi ban yi miki sallama ba, ban ma koma ɗaukar jakata ba, tana ɗakin Opoku inda na sauka a ɓoye. Kina kasuwa lokacin da abin ya faru, kuma gara ki ji daga bakina.

Na iso ran Juma'a da kayan. Opoku ya tare ni a ƙofa, ya ce, "Ticha, ka bari Masta ya dawo mana." Na ce masa kyauta ce ta ba-zata. Ya sake cewa, "Ticha, don Allah." Sai na tambaye shi, ni da shi wa ke da iko da dukiyar kawuna? Sai ya ɗauko mini tsani. Wannan maganar tana cikin abubuwan da suka fi ci mini rai.

Mun yi aikin yadda na zana. Muka shafe bango, muka ja waya, muka jera ƙwayayen. Da na ga wurin ya yi fes, sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na matsar da teburin aiki ƙarƙashin haske, na kwashe guduma da sauran kayan aiki daga inda suke zube na rataye su a allo. Rigar aikinsa ma na buga mata sabuwar ƙusa a jikin ginshiƙi, na ɗora hularsa a sama.

Ran Litinin da safe hadari ya haɗo, na ce ma ya yi daidai. Na kira maƙwabta, masu walda da masu sayar da kayan mota, har da Oga Badu da ya kawo wata motar. Suka jeru a gefen ginshiƙin. Na tura Opoku can ƙuryar gareji wajen makunni. Ya ce, "Ni a ƙofa nake tsayawa in Masta zai shigo." Na ce yau dai ya haƙura.

Wofa na sa ƙafa na ce, "Kunna!" Wuri ya haske kamar tsakar rana, mutane suka yi shewa. Shi kuwa ya kare fuskarsa da hannu, ya tsaya cak. Na ce, "Wofa, ni ne Yaw, duhu ya ƙare!" Ya ce, "Yaw. Ka yi aiki."

Badu ya ce, "Masta, yau kam ba sauran uzuri, ko allura ta faɗi sai a gan ta!" Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Sai ya fara gaisawa da mutane, daga dama kamar yadda aka saba. Yana riƙe hannun kowa, amma na lura ba ya kiran suna sai mutum ya yi magana. Ya gaisa da na ƙarshe, ya ƙara taku ɗaya, ya miƙa wa rigar aikinsa hannu. Ya ce, "Sannu da zuwa, ya gida?" Hannunsa na nan a miƙe, Yaya. Yana jira.

Wani ya fashe da dariya, ya haɗiye ta. Wofa ya taɓa yadin, ya gane. Ya juya zai nufi inda tebur yake a da, ya yi karo da shi a inda na mai da shi, gwangwanin fenti ya kife masa a ƙafa. Opoku ya rugo ya kama shi. Wofa ya ce masa, "Kai ni gida." Badu kuwa ya tada motarsa a hankali ya fita da baya.

Yaushe abin ya fara? Kowa ya sani ne ban da ni? Ki faɗa mini, ko da zagi ne.

Yaw

Wa, 29 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa. Osei ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba takarda. Na tambaye shi lafiyar Wofa, ya ce yana nan, ya kau da kai. In fushi ne ya hana ki, kina da gaskiya. Amma ko layi ɗaya ne ki aiko, in san yana cin abinci. A aji na tsaya zan koyar da yadda ake jera fitilu, alli ya ƙi motsi a hannuna.

Yaw

Kumasi, 12 ga Satumba

Yaw,

Muna nan da rai. Papa yana cin abinci, kaɗan. Na yi shiru ne don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Wasiƙarka ta Yuli ba ta same ni ba sai bayan komai ya faru, motar Osei ta yi makonni a hannun makanikai a garin Techiman. Da na gan ta da wuri, da ko a ƙafa ne na dawo daga Agona.

Ka tambayi yaushe. Ya fi shekara da ganinsa ya fara raguwa. Da farko yana zuba shayi a gefen kofi, daga baya ya daina karatu a coci, wai rubutun littafin ne ya ƙanƙance. Ka san ba a duban babba a ce masa jikinka ya gaza, sai shi ya fara faɗa. Shi kuma da ya ce duhun rumfa ne, sai muka ce e, duhun rumfa ne. Opoku na tsayawa a ƙofa yana kiran sunan duk wanda ya shigo da ƙarfi, kamar gaisuwa. Ba mai gusar da ko ƙusa, domin hannunsa ya san inda komai yake. Ƙwan nan da ka rena, sau nawa masu walda suka so canza shi, na hana. Na yi ta lallaɓa shi zuwa asibiti, ya ce lafiyarsa lau, ranar da Suame ta ji Agyekum ya tsufa har idonsa ya mutu, ranar garejin zai mutu. Duhun nan shi ne zanen da yake rufe jikinsa da shi, kai kuma ka zo ka yaye shi a gaban jama'a.

Ni ma ina da nawa. Da na rubuta maka a fili. Hannuna ne ya kasa.

Tun ranar bai taka garejin ba. Yana zaune a ɗaki, taga a rufe. Motoci sun ragu, Opoku na ta fama shi kaɗai.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ran Lahadi Opanyin Gyasi, dattijon cocinmu, ya zo duba shi. Ina tsakar gida ina jin su. Papa ya ce, "Gyasi, lafiyata ƙalau na shiga garejin nan. Fitilun yaron nan ne suka ƙona mini ido." Opanyin ya ce, "Ashe! To ai ƙuna magani ake nema mata." Papa ya ce, "In wanda ya yi ɓarnar ya amsa laifinsa, sai a nema."

Ka ji? Wannan ne karo na farko da ya yarda akwai abin da ke damun idonsa. Ƙofar da ya samu ke nan, kuma ta kanka ta bi. Yana so ka zo ka ba da haƙuri yadda ake yi a al'ada, da dattijon da zai roƙa maka gafara, da farar kaza da ƙwai, a garejin, gaban waɗanda suka gani. Na san ƙarya ce. Shi ma ya sani. Ba zan tilasta maka ba. Amma ka sani, in ka yi, sunan zai bi ka. Tuni masu walda suka fara kiran ka Ticha Kashe-Ido.

Dufie

Wa, 20 ga Satumba

Yaya Dufie,

Na gode da kika rubuto, na gode ma da zagin da kika rage. Ina lafiya.

Da na karanta, abin da ya fara zuwa mini fushi ne, ba zan ɓoye miki ba. Farin ƙwai ba ya ƙona ido. Kullum ina gaya wa ɗalibaina kada su yi wa lantarki ƙarya, domin tsoron banza shi ke sa mutane su zauna cikin duhu. Uku daga cikin waɗanda na yaye suna aiki a Suame yanzu. Za su tsaya su ji malaminsu yana cewa fitilar da ya sa ta makantar da kawunsa. Bayan haka wa zai ba su aikin waya a rumfarsa da sunana? Na ɗauki alƙalami har na fara rubuta wa Wofa bayani kan yadda haske ke shiga ido.

Sai na tuna hannun nan a miƙe gaban riga. Na yaga takardar.

Shi ya tsaya a gaban mutanen nan ba da zaɓinsa ba. Ni aƙalla da ƙafata zan je. Na nemi izini a makaranta, zan iso ran Asabar ta farkon Oktoba. Ki roƙi Opanyin Gyasi ya yi mini magana. Kazar zan taho da ita daga nan. Ki gaya wa Opoku ya kira duk wanda yake wurin ranar, har Badu, har wanda ya yi dariyar. Kuma ki ce masa akwai haƙurin da zan ba shi shi kaɗai, wannan na gaskiya ne.

In an ce in yi magana da bakina, zan ce: "Wofa, na sa fitila mai ƙarfi ban yi shawara da kai ba, na cuce ka, ka yafe mini." Na duba, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Sauran kuwa, duk abin da Opanyin ya ƙara, zan sunkuyar da kai in ce haka ne.

Ki nemi ranar ganin likitan ido tun yanzu, kada ya samu lokacin sake shawara.

Yaw

Kumasi, 21 ga Nuwamba

Ƙanena,

Muna lafiya, yara na gaishe ka, suna tambayar ko kana da wata kazar. Ina fatan ka huce daga gajiyar hanya da ta zuciya.

Ranar da ka durƙusa a garejin kanka na ƙasa, akwai abin da ba ka gani ba. Lokacin da Opanyin ya ce, "Yaronku ya yarda fitilunsa ne suka ɓata idon Masta," kai kuma ka ce haka ne, Papa ya ɗora hannu a kanka. Mutane sun ɗauka gafara ce kawai. Ni na ga yadda ya daɗe bai ɗauke ba.

Mun je asibiti. Likita ta haska idon, ta ce, "Baba, yanar ido ce, kuma ta daɗe." Papa ya ce, "Fitilar ɗan 'yar'uwata ce, ɗiyata, kowa ya shaida." Likitar ta dube ni, na dubi ƙasa. Sai ta ce, "To, ko ma mene ne, ana cire ta." An yi na dama, na hagu sai bayan Kirsimeti. Da aka kwance masa bandeji, ni ya fara kallo. Ya ce, "Afia, yaushe kika yi furfura haka?"

Ran Litinin ya koma gareji da baƙin tabarau, yana taku kamar ɗan sanda. Masu walda suka taru. Ɗaya ya ce, "Masta, mu sauke fitilun Kashe-Ido mu zubar?" Ya ce, "Ku bar su. Sun riga sun yi ɓarnarsu, yanzu sai su biya da aiki." Ya sa Opoku ya kunna jerin hagu kaɗai, ya tsaya a gefen wata mota, ya nuna lotsawar da ba wanda ya lura da ita. Badu ya ji labari, ya dawo da ƙofar nan mai shuɗi biyu. Papa ya kalle ta ya ce, "Wane makaho ne ya yi wannan fenti?" Badu ya yi dariya har ya zauna a taya.

Sunan dai ya zauna, ba zan yi maka ƙarya ba. Wani mai sayar da batir ya so a ja masa waya, da aka ce masa yaron da zai yi aikin ɗalibinka ne, sai ya ce a'a, yana son idonsa. Na so in faɗa masa gaskiya, sai na tuna da Papa, na fasa.

Jiya da yamma ina ba Papa abinci, mu biyu kaɗai, ya ce, "Yaron nan ya iya ɗaukar kaya." Sai da na tashi ya ce in rubuta maka cewa ƙwai na uku a jerin dama a karkace yake, ya gani da idonsa, kuma ba ya son kowa ya taɓa shi sai kai.

Yayarka,
Dufie

Wa, 2 ga Disamba

Yaya Dufie,

Na karanta a ɗakin malamai, dole na fita waje don kada a ga fuskata. Lafiyata lau, abinci ya fara shiga.

Ɗalibin da aka hana aiki, ki ce wa Opoku ya turo mini sunansa, zan nema masa wani wuri. Shi bai yi laifin komai ba.

Ki gaya wa Wofa gaskiyarsa ne, ƙwai na ukun a karkace yake. Na lura tun ranar da na ɗaura shi, na ce ba mai gani. Ana ba da hutu zan taho in gyara. Wannan karon zan tsaya a ƙofa sai ya ce in shigo, kuma shi zai nuna mini inda zan kafa tsani.

Ƙaninki,
Ticha Kashe-Ido